Hawan Babur a Tsaunin Mambila: Rabe-Raben Faɗuwa da Maganinsu

Tsaunin Mambila yana ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, kuma a yankin ne ƙololuwar Chappal Waddi take, mai mita 2,419, wadda ta fi kowane tudu tsawo a Nijeriya. Mai zuwa daga Jalingo zai bi ta Bali da Serti, hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti, ya isa Mayo Selbe a gindin dutse. Daga nan kwalta ke nannaɗewa sama har Maisamari, ta wuce Nguroje, ta kai Gembu. Hanyoyin da suka ratse zuwa rugage da ƙauyukan bakin iyaka kuwa jar ƙasa ce zalla, kuma sarakunansu biyu ne: tsohuwar Land Rover da babur.

Mahaya babur a nan iri biyu ne. Na farko ɗan gari, wanda ke ɗaure buhun masara biyu da jarkoki a baya, ya ɗora fasinja a sama, ya haura tudu yana hira. Na biyu baƙo mai yawon buɗe ido, galibi daga Kano ko Kaduna, wanda ya yi suna wajen kutsawa tsakanin Keke Napep, don haka ya ɗauka babu abin da dutse zai koya masa. Ana gane shi da farar shadda, da sabon takalmi, da tambayar ko wurin da nisa. Amsar a kullum ita ce, "Nan kusa ne, Alhaji, bayan wancan tudun." Ba a faɗa masa cewa bayan wancan tudun akwai wasu tuddan.

Faɗuwar baƙo tana zuwa daki-daki, kuma kowace da dalilinta.

Ta farko ita ce faɗuwar hawa. Iska a kan tsauni ba ta kai ta ƙasa kauri ba, saboda haka inji kan rasa wani ɓangare na ƙarfinsa. Baƙo kan tunkari tudu da babbar giya, babur ya fara tari a tsakiya, ya mutu. Sai ya sauke ƙafa don ya tokare, amma ta ɓangaren kwari, inda ƙasa ta yi nisa da tafin ƙafarsa. Wannan faɗuwa a hankali take aukuwa, har mai ita kan samu sararin yin salati cikakke kafin ya kai ƙasa.

Ta biyu faɗuwar gangare. Damina a Mambila doguwa ce, kuma jar ƙasar wurin idan ta sha ruwa santsinta kamar miyar kuɓewa. Ƙa'ida ita ce a sa ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe babur, a riƙa taɓa birkin baya kaɗan-kaɗan. Baƙo kuwa da ya hango kwazazzabo sai ya damƙe kuloci, ya cafke birkin gaba da dukkan ƙarfinsa. Tayar gaba ta zame, babur ya kwanta ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, mai shi na biye da shi a zaune. Duka biyun sukan isa gindin tudu lafiya, sai dai ba tare ba, kuma shaddar ba ta sake zama fara.

Ta uku ba faɗuwa ba ce sosai, tsayuwa ce. Laka kan taru tsakanin taya da madigadi har taya ta daina juyawa. Baƙo ya yi ta murɗa totur, hayaƙi na tashi, ya yanke hukuncin inji ya buga. Maganin sanda ce da ake tsinta a bakin hanya a sassaƙe lakar. Yawanci wani yaro makiyayi ne ke nuna masa, bayan shanu sun kewaye shi suna tuƙa suna kallo. A daidai lokacin ne ɗan gari mai buhuna ke wucewa, ya rage gudu, ya ce, "Sannu Alhaji, ana hutawa ne?"

Ta huɗu ta ruwa ce. A ƙasan Gembu ana ɗora babura a kwalekwale don haye kogin Donga, kuma nan baƙo ba shi da aikin da ya wuce riƙe bakin jirgi da addu'a. Ƙananan rafuffuka ne ke cin sa. Ɗan gari kan sauka ya taka ya auna zurfi. Baƙo kan shiga da gudu don ruwa ya yi feshi a hoto. Fulogi ya jiƙe, babur ya mutu a tsakiyar rafi, a tura shi waje da wando a naɗe, ga sanyin da ke sa haƙora haɗuwa.

Rigakafin duk wannan sananne ne. A zo da rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ƙasa ta bushe. A rage iskar taya kaɗan don ta kama ƙasa, a sa hular kwano da rigar sanyi, a riƙe fulogi na ko-ta-kwana, a tashi da wuri don hazo kan rufe hanya ba sallama. Wanda ya gwada waɗannan duka bai dace ba, akwai hanya ta ƙarshe wadda ba ta taɓa ba da kunya ba: ya miƙa wa ɗan acaɓar garin makulli, ya koma baya ya riƙe shi da kyau. Idan an kai ƙololuwa, ɗan acaɓa kan sauka ya ba shi babur ya hau a tsaye, ya ɗauke shi hoton da za a sa a Facebook. Kuɗin hoton daban ne, na rufin asiri ma daban.