Mazhabobin 'Yan Karta a Ƙasar Gaya

Ko da yake malamai ba su taɓa saɓani a kan haramcin caca ba, tun da Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya, kuma Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, ta kafa hukumar Hisba a 2003, duk wanda ya san lungunan Gaya da ƙauyukan Ajingi ya san cewa da zarar kaka ta yi, an sayar da gyaɗa da wake, akwai tabarmar da akan shimfiɗa a bayan wani kango a lale karta, kuma kowane mazauninta da mazhabar da yake bi wajen tattalin kuɗinsa.

Shugabansu shi ne Mai Lissafi, wanda ya ji labarin cewa gwanayen karta na Amurka sukan kasa jarinsu kashi ashirin, ba su zama wasa da abin da ya wuce kashi guda, saboda haka shi ma ya sa dubu biyu a aljihun gaba, ya dunƙule sauran a lalita can ƙarƙashin taguwa, ya yi mata ƙulli uku, ya rantse a gaban shaidu cewa ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai taɓa ta ba. Ƙullin farko yakan kwance da la'asar, bisa hujjar lalura. Na biyu bisa ƙiyasi da na farko. Na ukun kuwa, da yake ya ɗaure shi tamau tun yana cikin hayyacinsa, da haƙori yake kwance shi, gab da magariba.

Kusa da shi akwai Mai Fanshewa, wanda in an cinye shi ɗari biyar sai ya zuba dubu, in ta tafi ya zuba biyu, yana cewa, "Malam, raba! Yanzu sa'ata za ta juyo." Lalle jikokin maƙerin nan da ya taka daga Gaya har Dala neman tama ba a san su da saurin karaya ba, amma wannan ya kai haƙuri inda ba a aike shi ba: waya ta shiga jingina, babur ya bi ta, ya koma gida a ƙasa ya gaya wa uwargida wai aboki ya ara.

Akwai kuma Mai Laya, wanda bai taɓa faɗuwa da laifin kansa ba, sai dai wani mai baƙin jini ya tsaya masa a ka. Wanda abokan zama suka fi tsana kuwa shi ne mai zubin naira ɗari, wanda da ya ci ɗari uku sai ya tuna bai yi sallar azahar ba, ya zura takalmi, ba a ƙara ganinsa sai wani mako. Ɗan kallo, wanda ko sisi babu a aljihunsa, shi ne muftin majalisar, yana leƙen hannun kowa yana ba da fatawa bayan wasa ya ƙare.

Saura mai tabarma. Shi ba ya taɓa karta, yana ma cewa ba ya son harkar haramun. La'adarsa kawai yake tsinka a kowane zagaye, ya ba da rance ga wanda ya ƙare, ya riƙe babur. A cikinsu duka shi kaɗai aka taɓa gani ranar Juma'a a kasuwar Wudil yana taya bijimi.