Mu Ne Tsabar, Waɗanda Suka Tafi Ƙaiƙayi Ne

A majalisun shayinmu, da an ambaci ƙungiyar Firimeson sai a rage murya, a waiga hagu da dama. Za ka ji mutum ya rantse cewa su ke juya duniya, su ke naɗa shugabanni, su ke yanke wa dala farashi. To ina yi wa masu wannan imani jaje, domin waɗanda ake cewa duniya na tafin hannunsu, yanzu wanda za su damƙa wa makullin zauren taro suke nema. A 1959, 'ya'yan wannan ƙungiya ta 'yan'uwantakar maza sun haura miliyan 4 a Amurka. Yau ba su kai miliyan 1 ba, alhali yawan Amurkawa ya kusa ninkawa. Da dama cikin waɗanda suka rage kuma, in taro ya wuce ƙarfe tara, maganin hawan jini ke kiransu gida.

Su ma majami'u haka abin yake. Cibiyar Gallup ta ce a 1999 kashi 70 cikin ɗari na Amurkawa suna da rajista da wani gidan ibada, a 2020 suka koma kashi 47. A Ingila da Wales, masu kiran kansu Kirista sun sauko daga kashi 59 a ƙidayar 2011 zuwa kashi 46 a ta 2021. A birnin Nottingham har akwai tsohuwar majami'a da ta koma mashaya, kuma can ba a kukan ƙarancin jama'a.

Ba raguwar ce ke ba ni dariya ba, wannan abin tausayi ne. Jawabin da ke biyo bayanta ne abin kallo. Shugaba zai miƙe, ya dubi kujeru ɗari biyu da mutum goma sha huɗu a kai, ya gyara murya, ya ce: "Jama'a, mu dama ba yawa muke nema ba, inganci muke nema." Sai sha huɗun su gyaɗa kai cikin natsuwa, don kowannensu ya gane da shi ake. Iska ta sheƙe ƙaiƙayi, tsaba ta zauna. Babu mai ɗaga hannu ya tambaya ko da wane ma'auni aka auna ingancin, tunda amsar a fili take: mai inganci shi ne wanda bai tafi ba. Ko barci yake yi tun daga addu'ar buɗewa har ta rufewa, ai dai a kan kujerarsa yake yi.

Abin mamaki, lokacin da zaure ke cika har ana aron benci, ba a ji wanda ya tashi ya ce wannan taro ya yi yawa, a rage mugun iri ba. A lokacin, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sai da benci ya yi ƙura aka tuna cewa da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara. Bahaushe dai bai bar kowa a rana ba, ya tanadar wa mai nasara karin magana, ya tanadar wa mai asara.

Kada a ce ban yi adalci ba: akwai gaskiya a zancen. Mutum goma da za su zo jana'izarka sun fi dubu da sunansu kawai ke cikin littafi. Sai dai mai son inganci da gaske ƙofa yake tsukewa, su kuwa Firimeson na Amurka wangale ta suka yi. A al'adarsu, sabon shiga matakai uku yake hawa, ya shafe watanni yana haddar karatu kafin ya zama cikakken ɗa. Da littafin rajista ya fara ramewa, sai wasu jihohi suka ƙirƙiro ajin yini ɗaya: ka shiga da safe baƙo, ka fito da la'asar gogagge. A 2002, jihar Ohio ta yaye dubbai a rana guda ta wannan hanya. Ƙungiyar da a da ba ta gayyatar kowa, sai dai kai ka roƙa, yanzu talla take yi a intanet.

Can Landan kuwa, wasu ne ke cike gurbin a majami'u. Ƙungiyar mishan ta CMS ce ta turo Dokta Walter Miller Zariya a farkon ƙarnin da ya wuce. Yau masu zuwa Cocin Ingila ranar Lahadi ba su kai miliyan 1 ba, Angilikan Najeriya kuwa miliyoyi ne, kuma cocin Redeemed da aka kafa a Legas na da ɗaruruwan rassa a Birtaniya. A waɗannan rassa ba a cika jin huɗubar inganci ba tukuna, ana ta fama da neman ƙarin kujeru. A bar su, akwai lokaci.

Mutum ɗaya ne a kowane taron yabon inganci ba ya gyaɗa kai, wato ma'aji. Shi ya san rufin ɗaki na yoyo, ya san kuɗin wuta da na ɗumama zaure ba su ragu ba don mutane sun ragu. Da shugaba ya gama yabon tsabar, sai ma'aji ya tashi da takarda a hannu, ya sanar cewa daga wata mai zuwa kowane mai inganci zai riƙa biyan kuɗin ƙungiya ninki biyu. A taro na gaba, mutum goma sha ɗaya suka halarta, kuma shugaba ya tabbatar musu cewa inganci ya ƙaru.