Zuwa ga Taubashina, Injiniyan Badarawa

Taubashi, ina gaisuwa, kodayake kai ya kamata ka riga ni, don ba a taɓa jin inda ubangida ya durƙusa wa bawansa ba. An ce tun da ka kafa injin yanka katakon nan a rumfarka ka daina amsa sunan kafinta, sai an ce Injiniya kake waiwayowa. To, Injiniya, na ga ƙofar da ka yi wa Kaka. Daga sama ta manne da firam, ko allura ba ta wucewa. Daga ƙasa kuwa kaza na shiga da 'ya'yanta ba sallama. Baiwar Allah tana ta cusa tsumma, tana kare ka wai yaro ne, zai koya. Yaro mai furfura a gemu!

Da aka tambaye ka, ka ce, "Wallahi ba laihina ba na, iccen na ɗanye." A nan zan ba ka rabin gaskiya, kuma kada ka saba. Katakon da ake lodowa daga dazuzzukan kudu, irin su Ondo da Edo, yakan iso da sauran laima a jikinsa. In hunturu ya buga shi sai ya tsuke, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Wani falankin ma har ya kandare. Amma ƙofar Kaka tun ranar da ka kafa ta take a karkace, iska ba ta kai ga taɓa ta ba. Da wannan hujja ta faɗi ka koma kan janareta. Da janareta ya kuɓuta, aka ji kana raɗa wai wani kafinta a Shinkafi ne ya sa maka hannu. Wa zai ɓata kuɗinsa wajen boka a kanka, alhali kana yi wa kanka aikin kyauta?

Mu fara da sikwayarka, wadda da idona na ga kana buga ƙusa da ita, yaronka kuma yana buɗe gwangwanin fenti. Da ita kake yanke wa kowane katako hukunci, ita kuwa ba wanda ya taɓa bincikarta. Nemo falanki mai miƙaƙƙen gefe, ka jingina ta, ka ja layi da fensir. Sai ka kifa ta ɗaya ɓangaren, ka sake jan layi daga wuri guda. In layukan biyu sun hau kan juna, ka roƙe ta gafara. In sun buɗe baki, to rabin wannan buɗewar ita ce ƙaryar da take yi maka a kowane aiki, kai kuma kana sayar wa mutane.

In ka samu sikwaya mai gaskiya, kashe janareta tukuna. Kashewa nake nufi, ka zare waya, ba ka ce wa yaro "kada ka taɓa" ba. Ɗaga faifan zarton har ƙarshe, ka tsayar da sikwaya a kan teburin, ka jingina ta da jikin faifan a tsakanin haƙora. Kada ta hau kan haƙori, don haƙoran sun fi jikin faifan faɗi, za su yaudare ka. Ka duƙa ka leƙa. Haske ya ratso ta sama ko ta ƙasa? To faifanka a kishingiɗe yake, kuma duk abin da ya yanka a kishingiɗe zai fito. Tebur ɗin ma abin dubawa ne, tunda na katako ne da aka ɗora a kan ƙarfen walda, rana da damina sun sha wucewa ta kansa.

Inda na fi son ka buɗe kunne shi ne katakon jagora, wanda kake jingina falanki da shi kana turawa. Na ga yadda kake kafa shi: ka auna da tef ta gaba, ka buga ƙusa, bayan kuwa ka bar wa Allah. Ranar da ka shiga Ƙauran Namoda, ka je tsohuwar tashar jirgi ka kalli layin dogo. Tun 1929 ya iso garin, ƙarfe biyu, tsakaninsu ƙafa 3 da inci 6, kuma haka tazarar take har Zariya. Haka ake son jagora da faifai su kasance. Ka shafa wa haƙori ɗaya alli, ka juyo shi gaba, ka auna daga shi zuwa jagora. Ka juya wannan haƙorin dai zuwa baya, ka sake aunawa. Dalilin riƙe haƙori guda shi ne ko faifan na da 'yar lanƙwasa, ba za ta shiga lissafin ba. Awon biyu su zo ɗaya. In ma za a samu bambanci, gara bayan ya fi buɗewa da kaurin takarda.

In bayan ne ya fi matsewa, katako na shiga ya rasa hanyar fita. Nan ne kake ganin gefen yanka ya yi baƙi, rumfa ta cika da ƙauri, kana ce wa masu wucewa ƙarfin inji ne. Ƙuna ce kawai. Abin da ya fi ta muni, haƙoran baya sama suke tasowa, in suka cafki katakon da ya matse sai su wurgo maka shi. Faifai mai inci 10 da ke juyawa sau 4,000 a minti, bakinsa na gudun kusan kilomita 190 a awa. Tumbin nan da ka tara da tuwon gidan mutane ba zai tare wannan ba. Ka riƙa tsayawa ta gefe, kuma ka sassaƙa ƙaramar sanda ta tura katako in ya zo ƙarshe. Wannan kam ba wasa nake ba. Ina son yatsunka goma cif, ko don in samu mai ɗaukar mini kaya.

Saura yankan gicciye, wanda shi ya kashe ƙofar Kaka. Ɗauki guntun falanki mai miƙaƙƙen gefe ka raba shi biyu, ka kifa ɓari ɗaya, ka haɗa bakunan a kan wuri mai daidai. Duk karkatar da ke akwai za ta ninka kanta ta fito fili. Na san abin da za ka ce, wai ɗan digiri ɗaya me zai yi. A faɗin falanki mai santimita 30, digiri ɗaya na cin milimita 5. A tsawon ƙofa mai mita 2 kuwa ya zama santimita 3 da rabi. Ga ƙofar kajin nan taka, da lissafinta.

Ba sai ka nemi gurbi a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Ƙaura ba, wadda aka kafa tun 1983, tana yaye masu awo ba ta san da zamanka ba. Magina ma sun riƙe dabarar uku, huɗu, biyar. Daga kusurwa ka auna santimita 30 ta wannan gefe, 40 ta wancan, tsakanin alamomin biyu ya ba ka 50 daidai. In ka harhaɗa firam, kafin ka dunƙufe ƙusa, ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka sake ja ta ɗaya gicciyen. In sun yi daidai, buga. In ba su yi ba, matsa mai tsawon har su daidaita.

Idan duk ka yi wannan amma yanka na fitowa da zane-zane, faifan ne ke rawa. Kwance noti ka duba, sau da yawa garin katako ne ya maƙale a bayan washa. Ka wanke ƙaron da ya daskare a haƙora da kananzir, ka girgiza sandar da ke riƙe da faifan ka ji ko boris ya ci. Faifan da ya dakushe kuma a kai shi wasawa ko a sauya, a daina danna shi da ƙarfin tuwo.

In kuma abin ya fi ƙarfinka, akwai mafita mai mutunci. Ka sayar da injin, ka sayi gizago, ka koma sassaƙar turmi, tunda shi ba shi da kusurwa ko ɗaya da za a kama ka da ita. Kafin ka yanke shawara dai, ranar Alhamis zan shiga kasuwar Shinkafi in sayo maka sabuwar sikwaya. Kada ka yi saurin godiya, daga kuɗin shararka na bana zan cire, har da kuɗin mota.