Yadda Ake Tara Tsofaffin Na'urorin Gem a Ƙasar Kura da Bunkure

Tara tsofaffin na'urorin gem, wato akwatunan wasan da ake jonawa da talabijin waɗanda masu su suka daina ƙerawa shekaru 20 ko 30 da suka wuce, sha'awa ce da ke kama magidanta jefi-jefi a garuruwan noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, galibi waɗanda suka fara buga gem suna yara a shagunan bakin titi da canjin cefane. Irin waɗannan mutane ba sa bukatar a koya musu inda ake zura kaset ko yadda ake riƙe hannu, wato abin nan mai maɓallai da ake sarrafa wasan da shi, don haka an tsallake wannan duka. An tsamo shawarwarin da ke tafe ne daga asarar wani mai tarawa da na'urori 3 suka mutu a hannunsa cikin hunturu guda, kuma duk wanda ya taɓa jin ƙaurin ƙonewar waya yana tashi daga abin da ya shekara yana nema ya san nauyin maganar.

Shawara ta farko ita ce mai tarawa ya san dalilin da ya sa abin ya yi araha a da, domin kada ya ruɗi kansa da tunanin haɗa irinsa. Lokacin da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Famicom a 1983 a kan yen 14,800, bai kai ga wannan farashi ba sai da ya yi wa kamfanin Ricoh alƙawarin sayen cif miliyan 3 cikin shekara 2, cif kuwa shi ne ɗan baƙin ƙwanƙwalin da ke yin lissafin na'urar. Kuɗin zana cif da na sassaƙa mazubin ƙarfe da ake zuba robar jikin akwatin a ciki kusan ɗaya ne ko guda 10 za a yi ko miliyan 10, shi ya sa sai an raba shi a kan jama'a masu yawa yake zama abin ɗauka. Manomin Kadawa ya fi kowa gane wannan, domin ruwan da ke gangarowa gonarsa ta kanal ya yi sauƙi ne saboda an gina madatsar Tiga a 1974 da kuɗin hukuma, dubban gonaki suna sha daga gare ta, alhali wanda ya ce zai gina tasa madatsar don fuloti guda ya san inda zai kwana. Kamfanin Sega ma, da ya yi Mega Drive a 1988, ya haƙura da ƙera na'urori a 2001 bayan asarar da ya tafka. Masu ƙera sababbin na'urori don tsofaffin kaset a yau suna amfani da wani cif da ake iya tsara cikinsa ya kwaikwayi na da, kuma Analogue Pocket da ta fito a 2021 ta haura dala 200 tun kafin a yi maganar jirgi da kwastan. Saboda haka wanda ke da burin haɗa tasa a ɗakin zaure ya mayar da kuɗin ga taki.

Ya kamata a ƙara da cewa abin da mafi yawan yaran ƙasar nan suka buga ba na Nintendo ba ne, kwaikwayonsa ne da aka riƙa yi a Taiwan da Sin, mai zuwa da kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta masa wasanni dubbai ko miliyoyi, alhali 'yan ƙalilan ne ake maimaitawa da sauya launi. Mai tarawa na gari ba ya raina waɗannan, domin su ne tarihin unguwarsa, kuma sun fi na asali wuyar samu da rai saboda ba wanda ya ga darajar adana su.

Shawara ta biyu ta shafi wuta, kuma a nan ne zuciya ke ɓaci. Wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma kayan gwanjo ba sa zuwa da takardar haihuwa, don haka na'urar da aka zaƙulo a tarin kayan Sabon Gari tana iya zama 'yar kowace ƙasa. Wanda ya cusa ta a soket kafin ya karanta ƙananan rubutun da ke bayanta zai ji ƙara guda, ya ga hayaƙi siriri, shi ke nan. Maganin shi ne taransifoma mai rage wuta, amma ko da ita ba a tsira ba, domin cajojin wancan zamani bakinsu iri ɗaya ne cikinsu daban: wata a tsakiyar bakinta take ba da wuta, wata a gefe, cajar NES, wato Famicom ɗin Amurka, kuwa wuta mai kai-da-komo take fitarwa, wadda ke kashe Famicom nan take duk da cewa kamfani ɗaya ya haife su. Idan an shawo kan wannan, sai a koma ga wutar da ake ɗaukewa ana tsakiyar wasa a dawo da ita da ƙarfin da ke fasa ƙwan fitila, da ƙaramin janareto da ke haki yana hawa da sauka duk lokacin da aka jona masa dutsen guga, da ƙanin da ya cire filogi don ya caja wayarsa ba tare da sallama ba. Mutumin da ke iya lallashin injin ban-ruwa ya tashi da asuba cikin sanyin Janairu ya cancanci ya zauna awa guda da magariba ba tare da fargaba ba, amma ba ya samu. Wanda ke da hali ya sa sola da batir da inbata, sauran kuma su cire filogi da zarar sun tashi, su kuma ɓoye caja inda ake ɓoye kuɗin adashi.

Ta uku gajeriya ce: a daina hura kaset da baki. Kowa ya yi, kowa ya rantse yana aiki, amma cirewa da mayarwar ce ke gyara zaman haƙoran, danshin numfashi kuwa tsatsa yake haifarwa a kansu. A goge su da auduga da sifirit. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin injinan casar shinkafa na Kura suna shiga ko'ina, danshin damina kusa da kanal yana gamawa da abin da suka rage, kyankyasai kuma ba su da masaukin da ya fi musu cikin PlayStation mai ɗumi, wadda idonta na karanta faifai ya riga ya raunana tun da daɗewa har wasu ke kifa ta a kan bayanta kafin ta yarda ta karanta. Leda mai zif da akwatin ƙarfe irin na amare sun wadatar.

Game da ciniki, wanda ya kamata ya zama ta huɗu, babu sauran shawara mai amfani tun da labari ya bazu a wayoyi cewa an sayar da kaset ɗin Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56 a wani gwanjo a Amurka a 2021. Ba a gaya wa mai shago cewa wancan kaset ba a taɓa ɓare ledarsa ba tun 1996, don haka yanzu sai ya ɗauko wanda ɓera ya ci gefensa ya ce, "Alhaji, wannan a Turai kuɗin gida ne." Mai saye, wanda bai je Makka ba kuma kwandunan tumatirinsa sun faɗi warwas a Kwanar Gafan a makon, ba shi da abin yi sai ya nuna kamar wayar rediyo ya zo nema. A gida ma akwai wani cinikin, domin uwargida tana da lissafin kowane buhun shanshera da aka fitar, kuma tambayarta ɗaya ce, "Malam, wannan kuma na mene ne, ba irinsa ne a ƙarƙashin gado ba?" Tana da gaskiya, kuma bayanin cewa na ƙarƙashin gadon ɗan Turai ne mai tafiya a hankali, har kiɗan wasan Sonic ya fi na ɗan Japan nauyi, bai taɓa gamsar da kowa ba.

Sai batun talabijin, wanda ba ya bukatar lamba domin ya fi sauran duka ciwo. An yi waɗannan na'urori ne don talabijin mai doro, wato mai kwalbar gilashi da ke zana hoto layi bayan layi ba tare da jinkiri ba, kuma bindigar harbin agwagwa da yara ke rububi a kanta ba ta aiki sai da shi. Idan aka ja kunamar, allon yana yin baƙi na ƙiftawar ido, sai farin akwati ya bayyana a gurbin agwagwar, idon da ke bakin bindigar ya gan shi ko ya rasa. Filasma ta zamani kuwa tana ɗan riƙe hoton kafin ta nuna, don haka ko an manna bakin bindigar a gilashi agwagwa sai ta tashi, karen wasan ya fito yana dariya. Talabijin masu doro an daina ƙera su, kuma kullum 'yan gwangwan suna zagaya unguwanni da kura suna saye a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, su fasa doron da guduma don ɗan curin jan ƙarfen da ke wuyan kwalbar, su watsar da gilashi mai dalma a bayan gari inda awaki ke kiwo. Ba a ga laifin yaron da ke neman abincinsa ba, amma abin da ya ɗauki injiniyoyi shekaru ya tafi cikin minti 5, kuma masu gyaran rediyon da suka san cikinsa, waɗanda suka san cewa kwalbar tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire filogi, suna tsufa ba tare da almajirai ba, domin samari duk sun koma gyaran waya a Farm Centre. Mai tarawa da ya ji ƙarar kurar gwangwan a ƙofar gida ya ajiye duk abin da yake yi ya leƙa, idan ya hango doro a cikin tarkacen ya ninka wa yaron kuɗinsa ba ciniki, ya nemi mutum na biyu su kama, domin talabijin mai inci 21 ya fi ƙarfin mutum ɗaya a kan babur, sannan ya fara tunanin abin da zai faɗa a gida.