Kowa da Halinsa a Gaban Bos

Akwai wani nau'in wasan bidiyo da ake ba ka jarumi guda, a danƙa maka takobi mai tsatsa, a ce je ka ceci duniya. Da hannunka za ka kai sara, da hannunka za ka goce, kuma duk dodon da ka kashe yana ƙara wa jaruminka ƙarfi da dukiya har ya isa tunkarar babban bos. Diablo da Skyrim da The Witcher 3 da Elden Ring duk 'yan gida ɗaya ne. Masu ƙera su na cika baki cewa a ciki mutum zai zama duk abin da ya ga dama, ko mayaƙi ko boka ko maharbi. Ni dai abin da na gani shi ne hali zanen dutse: marowaci da rowarsa yake shiga, mai gardama da gardamarsa.

Na farko shi ne Ɗan Kwalisa. Kafin wasa ya fara ana ba ka dama ka tsara fuskar jaruminka, to shi a nan yake tarewa. Ya ɗaga hanci, ya sauke hanci, ya rage haɓa, ya ƙara gira, sannan ya zauna nazarin ko tabon kunci zai fi kyau a dama ko a hagu. Abinci ya huce, baƙi sun gaji sun tafi. Da ya gama, ko nisa bai yi ba sai ya tsinci kwalkwalin ƙarfe mai rufe fuska ruf, ya kifa wa jarumin. Daga nan har ƙarshen wasa ƙeyar kwalkwali yake kallo.

Sai Alhaji Tara-Tara. Gidansa Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2011, domin a can kusan komai ana iya ɗauka: cokali, kwando, tsintsiya, kabeji, dunƙulen cuku. Jarumi na farawa da ikon ɗaukar nauyi 300, in ya zarce haka gudu ya gagare shi. Za ka tarar da Alhaji a bakin kogo, jaruminsa na jan ƙafa kamar motar kai kayan amarya, shi kuwa ya buɗe jaka yana shawara da zuciyarsa: tukunya zai yar ko bokiti? A ƙarshe ya sa jarumin ya cinye cuku ashirin a tsaye don kada a yi asara. Kwalaben magani kuwa ba ya taɓa su ko rai na fita, wai ya ajiye saboda babban yaƙi. Babban yaƙin ya zo, ya wuce, an rubuta sunayen waɗanda suka ƙera wasan, kwalabe na nan ko murfi ba a buɗe ba.

Na uku Ɗan Aike, wanda bai iya cewa a'a ba. A The Witcher 3, na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan, wanda ya fito a 2015, Geralt na neman Ciri, yarinyar da ya rena, ga mugayen mahaya na farautarta. Magana ce ta gaggawa. Amma a ƙauyen White Orchard wata tsohuwa ta ce an ari kaskon suyarta ba a mayar ba, kuma Ɗan Aike ba zai gusa ba sai kasko ya koma hannun mai shi. Yana cikin haka ya gano Gwent, wasan katin da ke cikin wasan, shi ke nan an rasa shi. Mutum na ba shi labarin masifar da ta afka wa iyalinsa, shi kuwa jira yake ya yi shiru ya tambaye shi ko yana buga kati. Ka ce masa, "Malam, ina Ciri?" Sai ya ce, "Ai tana nan, ba inda za ta."

Na huɗu, kuma shugabansu, Sarkin Taurin Kai. A Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a Fabrairun 2022 ƙarƙashin Hidetaka Miyazaki, kana leƙowa filin Limgrave za ka hango wani basamuden barde cikin sulken zinari a kan doki, Tree Sentinel. Mai hankali kan kewaye shi, ya je ya yi ƙarfi ya dawo. Sarki kuwa gani yake kewayewa abin kunya ne. Barde ya make shi sau biyu, jajayen haruffa su fito a allo suna sanar da mutuwarsa, ya tashi ya koma. A wasan nan in ka mutu dukiyarka na zubewa a inda ka faɗi, in ka sake mutuwa kafin ka kwaso ta, ta tafi har abada. Shi ko a jikinsa. Tsafi a wurinsa aikin ragwaye ne, kiran taimako kuma zubar da mutunci. Tun bayan isha'i yake cewa "saura ƙiris", har zakara ya yi cara jinin barden bai kai rabi ba.

Yana da ƙane, Ba Laifina. Wannan, bos bai taɓa kashe shi ba. Hannun gem ne ya cije, ko kyamara ta juya, ko wani ya gifta ta gaban talabijin. "Wallahi na danna!" In babu kowa a ɗakin, fanka ce ta ɗauke masa hankali.

Malam Lissafi shi ba ya wasa, nazari yake. Abin ƙaunarsa Path of Exile, na kamfanin Grinding Gear Games na Niyuzilan, inda taswirar ƙwarewar jarumi ke da gurabe sama da 1,000 da za a zaɓa. Ya kalli bidiyon YouTube, ya cika takarda da alƙaluma, ya san gatarin da ya fi wani da kashi uku cikin ɗari. Ya leƙo allonka ya girgiza kai: "Ɗan'uwa, wa ya ce ka zuba maki a nan? Ka kashe jarumin nan, sai dai ka sake daga farko." Tambaye shi yaushe ya gama wasan da kansa, sai ya ce yana jiran sabon gyaran da kamfani zai fitar.

Akwai kuma Koci, wanda ba ya riƙe hannun gem sai dai bakinsa. Yana bayan kujera yana ihu: "Yaya, goce! Sha magani! Kai, da ni ne da tuni an wuce wurin!" Ranar da aka miƙa masa, bai ma kai ga bos ba ya faɗa rami da ƙafarsa.

Na ƙarshe ba shi da yawa, amma akwai shi: Ɗan Agaji. A 2022 wani ɗan wasa mai laƙabin Let Me Solo Her ya yi suna a Elden Ring. Malenia ce ta addabi jama'a, bos ɗin da duk saran da ta yi maka jininta ke ƙaruwa. Shi kuwa sai ya bayyana a duniyar wanda ya kira taimako, ba riga ba sulke, tulu a kife a kansa, takubba biyu a hannu, mai gida ya koma gefe ya zuba ido, shi ya gama da ita ya ɓace. Da ya cika nasara 1,000, kamfanin Bandai Namco mai rarraba wasan ya aika masa takobi na gaske.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka haɗa jari da mutum ko ka ba shi bashi, zaunar da shi ka miƙa masa hannun gem. In Ɗan Aike ne, kuɗinka za su dawo amma ba bana ba. In Ba Laifina ne, riƙe abinka.