Ana Ga Doki, Mai Hoto Na Shan Ƙura

Akwai wata sarauta a ƙasar Daura da ba a naɗa ta a fada. Ba ta da rawani, ba ta da tambari, ba maroƙin da ya san kirarinta. Amma ranar hawa, mai riƙe da ita ne kaɗai zai dubi mutum da alkyabba da amawali ya ce masa "tsaya nan" ya tsaya, "ɗaga kai" ya ɗaga, "koma baya ka sake tahowa" ya koma. Dogari sai ya yi ta kaɗa bulala yana tsawa kafin a matsa masa taku biyu. Wannan kuwa yaro ne siriri, jaka a baya, kyamara a wuya, yatsa ɗaya zai ɗaga ingarma ya tsaya cak. Sarautar mai hoton dawaki ke nan. Daga hantsi zuwa la'asar ba wanda ya kai shi iko, daga magariba zuwa baɗi ba wanda ya kai shi bin bashi.

Ɗauki mai hoton garin Dutsi. A sauran ranakun shekara mutum ne mai zaman lafiya: hoton fasfo na masu jarrabawa da masu neman aiki, biki, suna, saukar karatu, in siyasa ta kaɗa kuma fastar ɗan takarar kansila da aka goge wa fuska har mahaifiyarsa ta wuce ba ta gane shi ba. Lokutan girbinsa uku ne, ƙaramar sallah da babbar sallah da Sallar Gani ta watan Maulidi, wadda Daura ta yi suna da ita. Tun ana jibi zai kai baturansa wurin mai caji, don wutar lantarki ba ta san da zaman sallah ba. Da asuba ya bi ta Shargalle ya nufi Daura. A can zai tarar hakimai da dagatai daga Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa sun shigo da tawagoginsu, ga 'yan lifida, ga 'yan bindiga, ga masu algaita da kakaki, kowa da aikin da ya gada da gurbin da kakansa ya tsaya. Shi kaɗai ne bai gaji nasa ba. Shi ya sa ba wanda ya san inda ya kamata ya tsaya, duk inda ya tsaya kuwa an ce ya tare hanya.

Da can, hawa nuna biyayya ne da nuna ƙarfi. Hakimi ya kawo dawakinsa da mutanensa, sarki ya gani da idonsa, ya san in an buga tambarin yaƙi wa ke da doki, wa ke da baki kawai. Turawa suka zo suka mai da shi abin tarar manyan baƙi: an yi wa ɗan Sarkin Ingila a Kano a 1925, an yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, aka sake tara dawakin Arewa a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. A duk waɗannan, don idon mutum ake hawa. Yanzu don idon waya ake yi. Sarkin Daura Abdurrahman ya shekara 55 a kan gado, daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar ya ɗora har 2007, amma ina kyautata zaton in aka tara hotunan hawansu su biyu, ba za su kai abin da saurayi ɗaya ke ɗauka a kilisar yamma guda ba. Su sun hau, an gani, an ba da labari. Mu kuwa in ba a ɗauka ba to ba a hau ba, ko da mutum ya koma gida da ciwon ƙugu a matsayin shaida.

Mahayi na gaskiya, wanda ya tashi a barga yana jin warin harawa tun yana rarrafe, ba ya wahalar da mai hoto. Ba ya ma kallonsa. Hankalinsa na kan linzami da kunnuwan dokinsa, kuma shi ne hotonsa ke fita tas ba gyara. Wahalar tana wurin mahayin shekara-shekara, wanda ya taso daga Abuja ko Kaduna ya zo gida sallah, rabonsa da doki tun bara. Doki na haya, sirdi na aro, jalala ta maƙwabci, alkyabba ta kawunsa, rawani kuma wani ya naɗa masa a zaure aka sallame shi. Ƙarti suka taru suka ɗora shi, aka cusa masa ƙafa a likkafa, aka damƙa masa mashi a hannun da ya fi sabawa da makullin mota. Da ya ji ya zauna daidai, abin da zai fara nema ba ƙofar fada ba ce.

"Malam mai hoto!"

"Ranka ya daɗe."

"Ka ɗauke ni ina sukuwa."

"Ranka ya daɗe, ai dokin tafiya yake yi. Ga kuma zagi ya riƙe linzami."

"To ka cire zagin."

"In na cire shi, hannunsa na nan a kan linzamin."

"Cire har hannun. Kwamfutar taka me take yi?"

Haka ake kwana a shagunan hoto ana cire zagage. Mutumin da ya yi wa doki wanka, ya ba shi dusa da kanwa, ya ɗaura sirdi, ya taka ƙasa tun daga ƙofar gida har ƙofar fada yana hana maigida faɗuwa, shi ne abu na farko da ake gogewa. Abin da ake ƙarawa kuwa ƙura ce. Mai hoto, bawan Allah, ya wuni yana shaƙar ta gaske har ta shiga haƙoransa, da dare kuma ya zauna yana zana ta ƙarya a ƙarƙashin kofaton dokin da bai taɓa ɗaga ƙafa da sauri ba. An ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya faɗi haka bai riski zamanin gyaran hoto ba.

Babban burin kowa shi ne hoton tabarya: doki ya miƙe a kan ƙafafun baya, mahayi ya ɗaga mashi, alkyabba na kaɗawa. Wani lokaci Allah kan karɓi addu'ar Alhaji, ɗan bindiga ya saki harbi kusa da shi, doki ya yi tabaryar ba shiri. Kyamara ba ta da kara. Abin da take kamawa shi ne rawani ya warware, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri, mashi ya tafi neman mai shi, Alhaji ya rungume wuyan doki yana salati da ƙarfi. Waɗannan su ne hotunan da suka fi kowanne gaskiya a duk hawan, kuma ba wanda zai taɓa ganinsu. Kowane mai hoto na da wani lungu a kwamfutarsa da yake ajiye su. Shi ne fanshonsa.

Masu cewa "ai dannawa kawai yake yi" su zo su gwada. Doki mai sukuwa sai kyamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, in ba haka ba ƙafafun su narke su zama hayaƙi. Farin rawani a tsakar rana ƙone hoto yake yi, fuskar da ke ƙarƙashinsa kuma ta yi duhu. Ka gyara don fuska rawani ya ɓace, ka gyara don rawani mai shi ya ce ka mai da shi baƙi. Ga akawali ga kili a jere, ɗaya na shanye haske ɗaya na watso shi, kowanne mahayinsa na so ya fi fita. Sai an jira doki ya miƙe kunnuwa gaba kafin a danna, don in ya kwantar da su baya fushi yake yi, kuma lokacin ja da baya ne, ba na neman kusurwa ba. Doki ba ya ganin abin da ke daf da bayansa, shi ya sa yake tambaya da kofato. Da yawa daga cikin masu hoto sun amsa wannan tambaya da gwiwa. In aka zo jahi kuwa, mahaya su sako dawaki a guje su nufo sarki, sai daf da shi su ja linzami su yi zamiya su jinjina, mai hoto na durƙushe a gefen layi, ido ɗaya a kyamara, ya dogara ga Allah da kuma ƙarfin hannun mutumin da bai sani ba.

Da zarar ya daidaita, Sarki Umar Faruk Umar ya doso ƙarƙashin laima a hawan Magajiya, haske ya yi daidai, dawaki sun jeru, sai hannaye ɗari su tashi a gabansa, kowanne da waya. Kowa ɗauka yake yi, ba mai kallo. Dattijon da ya taso tun daga ƙauye don ya ga Sarki da idonsa, ƙarshenta ta gilashin wayar yaron da ke gabansa zai gan shi, shi ma a karkace. A da, juya wa sarki ƙeya rashin kunya ne da za a kai ƙarar mutum wurin ubansa. Yanzu samari da 'yan mata jere suke yi su juya masa baya, su ɗaga waya, su turo baki, don su fito a gaba Sarki ya fito a bayansu. Sai kuma ɗan jirgin nan marar matuƙi ya taso da ƙuginsa bisa kan taro. Dokin da aka harba bindiga a kunnensa bai motsa ba, wannan ɗan abin kan sa ya manta tarbiyyarsa.

Hawan angwanci ma ya shigo layi. Angon da ko jaki bai taɓa hawa ba, dole abokai su ɗora shi a doki a zaga unguwa, don amarya ta ga bidiyon da aka rage wa gudu aka ɗora masa kiɗan taushi. Kafin gari ya waye hoton ya hau Facebook da TikTok, a ƙarƙashinsa an rubuta "Yarima", an rubuta "jinin sarauta ba ya ɓuya". Sunan mai hoto da ke gefen ƙasa kuwa an datse shi tare da kofaton doki.

Sai maganar kuɗi, inda sarautar ke ƙarewa. Maroƙi nan take ake liƙa masa a goshi, sababbi, a gaban jama'a, don kowa ya san bakin da ya iya kirari ya iya zambo. Mai kalangu ma ba ya tafiya hannu rabbana. Mai hoto kuwa jimla uku ya sani, kuma a jere suke zuwa. Ta farko: "Turo mini ta WhatsApp in gani." Ta biyu, bayan an gani an kuma watsa: "Za mu yi magana bayan sallah." Ba a faɗi wace sallar ba. Ta uku, in ya matsa da kira: "Haba ƙanena, tsakaninmu har da kuɗi? Allah ya yi maka albarka." Ya amsa da amin, don ba a mayar da addu'a, amma mai mota daga Daura zuwa Dutsi ba ya karɓar albarka a madadin kuɗin kujera. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan kurayen biyu ne, doki da mai hoto, dokin ma ya fi shi sa'a tunda ana zuba masa harawa da dare.

Kada mai hoto ya ɗauka halin mutanenmu ne kaɗai. Uban masu wannan sana'a a duniya, wani Bature Eadweard Muybridge, shi ma ya ɗanɗana. A 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya a Amurka, ya jera kyamara 12 a gefen filin sukuwa don ya warware wa attajiri Leland Stanford, tsohon gwamnan jihar, wata tsohuwar gardama: shin doki mai sukuwa yakan ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa a lokaci ɗaya? Hotunan suka nuna yana yi, sa'ad da ya tattaro su ƙarƙashin cikinsa. Wannan aiki na cikin tushen sinima. A 1882 mai dawakin ya sa aka buga littafi a kan binciken, sunan mai hoto bai fito a shafin farko ba. Muybridge ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba. Tun ranar da aka fara ɗaukar doki a guje aka fara datse sunan mai ɗaukar.

Amma Allah ba ya barin bawa ba dabara, kuma dabarar mai hoton Dutsi amawali ne. In mutum ya naɗa rawani ya ja amawali har bisa hanci ya ɗora baƙin tabarau, ko matarsa sai ta duba takalmi kafin ta shaida shi. Saboda haka in mai hoto ya dace da mahayi na gaske ya yi tabarya mai kyau, sai ya wanke hoton da yawa, ya sa a firam, ya bi gidajen masu bashinsa ɗaya bayan ɗaya. "Ranka ya daɗe, ka ga wanda na kama ka ba ka sani ba." Alhaji ya karɓa, ya daɗe yana kallo. Ya san alkyabbarsa ruwan toka ce, ta hoton kuwa kore. Ya san dokinsa bidi ne, wannan danda. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wallahi na tuna lokacin." Nan take zai biya, har da na bara.

An ce an taɓa samun biyu daga cikinsu da suka haɗu a falon na uku, suka ga hoto ɗaya a bango, kowa ya rantse shi ne. Gardama ta yi tsami har aka aika a kirawo mai dokin ya raba. Ya zo, ya duba, ya ce mahayin dai bai san shi ba, amma dokin nasa ne, ga ɗan farin goshinsa nan, kuma tunda su uku duk sun tabbatar da bakinsu cewa sun hau shi, kowa ya kawo kuɗin haya.