Mutanen da Ke Zagaye da Allon Scrabble

A shekarun 1930 wani mai zanen gine-gine a Amurka, Alfred Butts, ya rasa aikin yi, sai ya ƙirƙiro wasan jera kalmomin Turanci da aka raɗa wa suna Scrabble a 1948. Dokar ba ta da wuya: ƙwayoyi 100 a jaka, kowa ya ɗebi bakwai, a jera su a allo mai gida 225. Abin da Butts bai sa a lissafi ba shi ne halin masu zama a gaban allon.

Na farko shi ne Mahaddaci. Ya haddace duk kalmomi masu harafi biyu da ke ƙamus ɗin Collins, amma kada ka tambaye shi ma'anarsu. Zai ajiye QI a gidan da ke ninka harafi sau uku, ta karantu a tsaye da a kwance, ya kwashe maki 62. Ka ce, "Malam, mene ne QI?" Ya ce, "Tana cikin ƙamus." Bai san kalmar ta fito daga Sin ba, bai san XU kuɗin Biyetnam ne ba, kuma bai damu ba. Gwaninsa shi ne Nigel Richards, mutumin Niyu Zilan da ya lashe gasar duniya ta Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci.

Kishiyarsa shi ne Sarkin Turanci. Ya san ma'anar kowace kalma, ya san asalinta tun daga Latin. Zai riƙe haruffa shida yana jiran na bakwai don ya fitar da kalmar da za ta girgiza majalisa, ya ci ladan maki 50. Harafin ba ya zuwa. Daga ƙarshe ya ajiye wata kyakkyawar kalma mai maki 11, ya shiga yi wa jama'a sharhinta. Kullum shi ne na ƙarshe, kullum kuma shi ke cewa wasan ya lalace tunda jahilai suka fara cinsa.

Sai Maƙerin Kalmomi. Wannan idan haruffa suka ƙi haɗuwa sai ya haɗa su da ƙarfi, ya murtuke fuska. In aka yi magana ya ce, "Turancin Amurka ne." In aka duba babu, ya ce na likitoci ne. In aka matsa, ya rantse ya gan ta a wani littafi da ya bari a Zariya.

Maganinsa Lauya. Shi kuwa ko CAT ka rubuta sai ya gyara tabarau ya ce, "Ban yarda ba, a buɗe ƙamus." Wasan minti 40 yakan kai la'asar a hannunsa. Ranar da Lauya da Maƙeri suka haɗu, sauran 'yan wasa su tafi su ci abinci, za su dawo su tarar ba a bar layin farko ba.

Akwai Mai Toshe Hanya. Bai ci ba, bai bar wani ya ci ba. Da ya ga jan gida mai ninka kalma sau uku ya buɗe, sai ya liƙa wata 'yar guntuwar kalma a gefensa kamar mai kafa ƙaya a bakin gona. Ana yi masa dariya, amma a sassauta. An san 'yan wasan Najeriya da fifita gajerun kalmomi, kuma ɗayansu, Wellington Jighere, shi ya ɗauko kofin duniya a Perth ta Ostareliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

Kada a manta da Mai Kuka da Jaka. Bai taɓa faɗuwa da laifinsa ba. Yau wasula ne suka yi masa taron dangi, gobe Q ce ta zo ba U. Ƙwayoyin nan biyu marasa rubutu, masu zama kowane harafi, a cewarsa ba su san hanyar hannunsa ba.

Na bayan kowa shi ne Ɗan Kallo. Ba ya wasa, amma yana tsaye a kanka yana leƙen haruffanka, yana tsaki. Da ka ajiye kalma sai ya ce, "Kash! Yallaɓai, da ka sa S ɗin nan can." Ka miƙa masa kujera, ya ce ana jiransa a gida.

A cikinsu duka, Mahaddaci da Mai Toshe Hanya ne ke tashi da nasara, Sarkin Turanci kuwa shi kaɗai zai iya rubuta maka takardar neman aiki. Mai karatu, in ka duba jerin nan ba ka ga kanka ba, tambayi abokan wasanka. Sun daɗe da sa maka suna.